Koyon kukuma daga tsohon kaset

9 ga Nuwamba, 2024

Kukumar ta zo hannuna. Wani dattijo a Daura ne ya haɗa mini ita: 'yar ƙaramar ƙwarya da aka ɗame bakinta da fatar guza, sanda ta ratsa ta, tsagiya ɗaya tak ta gashin wutsiyar doki ta haye kan jaki, wato ɗan itacen da ke ɗage ta daga fata, sai izga, bakan gashi da ake goga ta da shi. Ya manna ɗan dunƙulen ƙaro a gefen ƙwaryar, ya ce in riƙa goga wa izgar kafin in fara, in ba haka ba gashi zai yi ta zamewa a kan gashi, ba amo.

Ga abin da na sa a gaba. A akwatin marigayi kawuna akwai wani kaset na minti 60, ba suna a jikinsa sai "biki" da aka rubuta da biro. Mai kukuma ne da 'yan kalangu da 'yan amshi, a fili aka ɗauke su, ana jin guɗa da hayaniyar yara. A fuskar farko akwai wurare uku da mawaƙin ke yin shiru ya bar kukumar ta ja ragama ita kaɗai. Na farko bai wuce daƙiƙa 20 ba, na biyu ya kai 45, na uku ya haura minti ɗaya. Su nake so in ɗauko da kunne, in rubuta a takarda, sannan in iya kaɗa su da hannuna.

Ba haka aka saba koyo ba. A da yaro kan bi maigida shekara da shekaru, yana ɗaukar kaya yana amshi, kunnensa ya cika tun kafin a bar shi ya taɓa izga. Ni ina da ajin da nake koyarwa da safe, ina da iyali, kuma masu kukumar da suka rage a Katsina ba su da yawa. Matasan da ke son waƙa sutudiyo suke nufa, inda fiyano ke tsayawa a madadin kowane abin kiɗa. Mu da muka taso muna jin Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka a Rediyon Kaduna mun san akwai abin da fiyano ba za ta taɓa furtawa ba. Don haka wannan kaset shi ne maigidana.

24 ga Nuwamba

Kafin komai sai da na raba kiɗan da kaset ɗin, domin zare ne tsoho, in na yi ta mayar da shi baya zai tsinke. Masu tura waƙoƙi a waya ba su da rikoda yanzu. Wajen Ƙofar Guga na samu wani mai gyaran rediyo da har yanzu yake da mai aiki. Ya goge kan rikodar da auduga, muka jona ta da kwamfuta, na ɗauki fuskokin biyu da manhajar Audacity, wadda kyauta ake sauke ta.

Da na saurara a gida sai na ji muryoyin sun yi nauyi. Guɗar matan ta fito kamar ta gaji, yaran da ke wasa a baya kuma muryarsu ta yi kauri. Zaren kaset an tsara shi ya riƙa tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, amma in batir ya yi sanyi, ko robar da ke juya injin ta saki, gudun kan kauce, sauti ya kauce tare da shi. Bambancin kashi 6 cikin 100 a gudu ya isa ya matsar da murya daga maɓallin fiyano ɗaya zuwa na kusa da shi. Wannan kaset kuwa da gani kwafin kwafi ne, ya bi ta injuna da dama. Na riƙa ƙara gudun kaɗan-kaɗan, ina auna shi da guɗa, domin guɗa na san inda take zama a kunne. Da na kai kusan kashi 4 sai matan suka dawo mata, yaran suka dawo yara. A nan na tsaya, kuma a kan wannan muryar na ɗaure tsagiyata.

8 ga Disamba

Yadda zan rubuta abin da na ji shi ne ya ci mini wannan makon. Na fara da do, re, mi da muka koya a firamare, na ga ba su zauna ba. Kukuma ba ta da alamu a sanda, kuma ba a danne tsagiya har ta taɓa itace. Yatsa taɓa ta kawai yake yi a iska, wurin da ya taɓa shi ne sautin. Sai na koma ga lambobi: 0 ga tsagiya a sake, 1 zuwa 4 ga yatsu huɗu daga manuniya zuwa ƙaramin. Sautuka biyar ke nan, kuma a kansu kusan duk kiɗan ya ginu, kamar yadda yawancin waƙoƙinmu na gargajiya suke. Ja mai tsawo ina sa masa layi a sama, gajere in bar shi haka.

Yatsa na biyu ne abin lura. Na sa manhajar auna sauti ta waya a gaban sifika, allurarta ta ƙi tsayawa kan kowane harafi idan ya zo nan. Tsakanin maɓallai biyu na fiyano yake faɗawa, kuma ba kuskure ba ne, domin duk sanda ya dawo wurin nan yake sauka. Wani abokina da ke haɗa kiɗa a sutudiyo ya ce in gyara shi ya hau daidai. Ban yarda ba. Da na gwada kaɗa shi yadda fiyano ke so, jimlar ta yi tsabta amma ta daina zama ta wannan mutumin. Na sa ɗan ɗigo a ƙarƙashin 2 don in tuna cewa ƙasa kaɗan yake zama.

29 ga Disamba

Hunturu ya kankama. Fatar ta ɗame sosai, amon ya yi kaifi, tsagiyar kuma tana hawa sama da kanta, sai na sassauta ta kowace yamma. Gashi ya bushe, silin izga na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu a cikin tsumma nake naɗe ta in sa a akwati.

Wuri na farko ya shiga takarda. Na yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace kamar daƙiƙa 3, ina sa ta ta yi ta zagayowa. Na rage gudu zuwa rabi da farko, amma a rabi kukuma kan zama wani abu dabam: ƙarar gashi ta rinjayi sautin, adon yatsu ya wargaje har ba ka gane wanne ne ginshiƙi wanne ne ado. Kashi 75 cikin 100 ya fi. A nan ana jin komai kuma jimlar ba ta mutu ba.

Ina kaɗa lambobin daidai da yadda na rubuta su. Duk da haka in na ɗauki kaina a waya na jera da nasa, nawa a tsaye yake ƙiƙam, nasa yana tafiya.

18 ga Janairu, 2025

Na je Daura, tafiyar kusan kilomita 80 daga Katsina, don a ƙara wa izgata gashi. Na tafi da littafin da wayar. Dattijon yana zaune a zaure yana feƙe wani jaki, na gaishe shi, na kunna masa wuri na biyu, sannan na buɗe masa shafin da na cika da lambobi.

Ya dubi shafin ya mayar mini. Ya ce, "Ɗana, aje takardar nan. Rera mani abin da ka ji."

Na ce, "Baba, ai ba waƙa a wurin, kukuma ce kaɗai."

Ya ce, "To mi take cewa?"

Ya ɗauki kukumarsa ya ja jimla ɗaya gajera, ya tsaya yana kallona. Ya sake ja. A karo na biyun na ji ta sarai: sannu da zuwa. Ƙasa, sama, ƙasa, sama, sai ƙasa mai tsawo. Bai buɗe baki ba, amma gaisuwar ta fito, har da yadda saman na biyu bai kai na farko tsayi ba, daidai yadda muryar mutum ke gangarowa in jimla ta nufi ƙarshe.

Abin da nake koya wa yara a aji ke nan, cewa Hausa tana da karin sama da na ƙasa da mai faɗuwa, tana da gaɓa mai tsawo da gajera, amma ban taɓa kawo shi kusa da izga ba. Mai kukumar kaset ɗin ba lambobi yake jerawa ba. Gindin waƙar da 'yan amshi suka yi ta maimaitawa tun farkon fuskar shi yake faɗa da tsagiya, kirarin uwar ango, gaɓa bayan gaɓa. Inda gaɓa ta yi tsawo izga ta yi doguwar tafiya, inda ta gajarta ya ɗan fizge ta. Abin da na rubuta a matsayin "ado" a wurare da dama karin faɗuwa ne: yatsa ya taɓa sama ya zame ƙasa a cikin ja ɗaya, domin haka kalmar take a baki.

Dattijon ya sa na rera gindin waƙar har ya zauna mini, sannan ya ce in rera ina kaɗawa a tare, daga baya in rufe baki in bar hannu ya ci gaba. Ya ce su a wurin maigidansu ba a ba yaro izga sai ya iya amshi ba gargada, domin abin da baki bai riƙe ba yatsa ba zai same shi ba. Na tambaye shi ko ya gane mai kiɗan. Ya saurara da kyau, ya ce hannun irin na mutanen da ne, amma ba zai ɗora wa kowa suna ba. Na ji daɗin wannan amsa. Mutumin ya yi aikinsa a wani biki, an ɗauke shi, sunansa ya ɓace, hannunsa ya rage. Ba na so in laƙaba masa sunan wani don kawai in samu abin faɗa.

Gashin da ya ƙara mini daga wurin masu kula da dawakin hawan salla ya samo shi. Ya ce na wutsiyar ingarma ya fi ƙarfi.

2 ga Fabrairu

Na sake tsarin littafin. Yanzu kowane shafi layi uku ne: kalmomi a sama, an raba su gaɓa-gaɓa, lambobin yatsu a tsakiya, alamar izga a ƙasa, kibiya ta dama in ta tafi, ta hagu in ta dawo. Na koma wuri na farko da wannan tsari, na tarar da kalmomin suna nan a ɗan waƙar da ya gabace shi. Da na rera su tukuna, abin da ya ƙi tafiya a Disamba ya tashi.

Wani maƙwabcinmu ya tare ni bayan la'asar, cikin mutunci, ya ce yana jin goge daga gidana. Na gane abin da ke ransa, domin goge a wurin mutane da yawa da bori ake haɗa shi. Na nuna masa kukumar, na ce ƙanwar goge ce, ta fi shi ƙanƙanta da siririyar murya, kuma a biki da wuraren nishaɗi aka san ta. Na kunna masa kaset ɗin ya ji kirarin uwar ango. Muka rabu lafiya. Na ɗaukar wa kaina cewa ba na kaɗawa in an kusa kiran salla, ba na kuma wuce ƙarfe 9 na dare.

21 ga Fabrairu

Wuri na biyu ya nuna mini wani abu da takarda ba ta so. Jimla ɗaya ce yake maimaitawa sau 6 a cikin daƙiƙa 45, kuma babu biyu da suka zo iri ɗaya. Na rubuta duka shidan, na jera su a shafi ɗaya, wannan a ƙarƙashin wancan, don in ga me ke canzawa.

Farkon jimlar yana sakin hannu yadda ya so. Wani lokaci daga 4 yake faɗowa, wani lokaci ya fara daga 3 ya ɗan leƙa 4 ya dawo, a ta biyar ma ya bar gaɓa biyu na farko gaba ɗaya, kalangu ya cike masa gurbin. Tsakiya ma tana motsi. Amma gaɓoɓi uku na ƙarshe ba sa taɓa kaucewa: 2, 1, 0, kuma 0 ɗin kullum a kan bugu ɗaya na kalangu yake sauka. Kamar mai shiga birnin Katsina ne, ko ta Ƙofar Sauri ya bi ko ta Ƙofar Durɓi, a Ƙofar Soro ta gidan sarki zai ɓulla. Hawa da saukar kalmomin ma ba ya saɓa musu. Yana iya ƙawata gaɓa, amma ba ya ɗaga wadda take ƙasa a baki ya kai ta sama da maƙwabciyarta.

Wannan ya sauya mini manufa. Da na ɗauka aikina shi ne in haddace shidan a jere yadda suke. Zan haddace su, domin a cikinsu ne dabarunsa suke, kuma wanda bai bi sawu sosai ba ba zai san inda aka taka da gangan ba. Amma mutumin nan da za a sake ɗaukarsa washegari, wasu shida zai kawo. Abin da ya riƙe shi ne kalmomin da masaukin. Na fara gwada ta bakwai tawa, a kan dokokinsa.

1 ga Maris

An tashi da azumi yau. Na naɗe kukumar na ajiye sai bayan salla.

12 ga Afrilu

Na ɗauko ta. Yatsu sun yi nauyi amma kunne bai manta ba, har ma na ji wasu abubuwa a wuri na biyu da ban ji ba a da, musamman yadda yake sauya tafiyar izga a tsakiyar gaɓa mai tsawo ba tare da amon ya yanke ba. Yana rage nauyin hannu daidai lokacin juyawa. Ƙaro shi ke sa gashin izga ya kama tsagiya ya saki, ya kama ya saki, da saurin da ido ba ya gani, kuma in ka danna da ƙarfi a wurin juyawa sai kamun ya yi yawa ta yi ƙara. Zafin Afrilu yana narkar da ƙaron, ɗan kaɗan ya isa.

Na shiga wuri na uku. A daƙiƙa ta 38 akwai wani sauti da ya fi duk yatsuna huɗu tsayi, siriri, kamar ba daga tsagiya ɗaya ya fito ba. Na neme shi ta miƙa ƙaramin yatsa, bai kai ba. Da na rera shi sai na ji ashe 0 ne, amma a muryar sama. Tsagiyata daga jaki zuwa ɗauri santimita 32 ce. In ka zame hannu ka taɓa ta a tsakiya cif, a 16, taɓawa mara nauyi, sai ta rabu biyu tana kaɗawa, ta ba da sautinta na sake a ninki. Ga shi nan. Matsawa kaɗan gaba ko baya sai ya mutu. Na sa masa 0 da ɗan da'ira a kai. Sau biyu kacal ya yi amfani da shi a duk fuskar, duka a inda guɗa ta tashi, kuma na tabbata amsa wa matan yake yi.

10 ga Mayu

Na samu wani mai kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa, ya yarda ya riƙa zuwa ranar Asabar da yamma. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. Na kunna masa kaset ɗin sau ɗaya ya kama zubin.

Zama na farko da shi ya fallasa abin da kaɗawa ni kaɗai ya ɓoye. Kalangun yana tafiya uku-uku, izga kuma a wurare da yawa biyu-biyu take yanka wannan tazarar, sai su haɗu a kan bugu na farko. Ni kaɗai ina iya jan jimla in ƙara mata ɗan lokaci ba wanda ya sani. Da kalangu a gefe, in na makara da ƙiftawar ido 0 ɗina sai ya sauka a fili. Ya ce, "Malam, kar ka bi ni. In ka bi ni za ka ɓace. Ka san inda za mu gamu kawai." Ya sa na riƙa taka bugu na farko da ƙafa, in bar sauran.

Shi ma kalangunsa magana yake yi, yana matse tsarkiya a hammata sautin ya hau, ya saki ya sauka. A wurin da mai kukumar ya bar gaɓa biyu a jimla ta biyar, Yaya ya cike su ba tare da na gaya masa ba. Ya ce ai kalmar ce ta nema.

Na ƙara layi na huɗu a littafin, na kalangu, ɗigo babba a kan kowane bugu na farko. Da na koma shafukan baya na sa ɗigon, sai na ga layukan tsawo da gajarta da na zana a Disamba sun kusa daidai, amma ba su gaya mini inda jimla ke farawa ba. Yawancin jimlolinsa ba a kan bugu suke tashi ba, a bayansa kaɗan suke shigowa.

22 ga Yuni

Damina ta sauka, kukumar ta canza hali. Fatar ta saki, jaki ya ɗan nutse, gashi ya sha danshi ya miƙe, muryar ta yi ƙasa ta dushe. In rana ta fito ina shanya ta 'yan mintuna, in babu in kara ta nesa da garwashi ina juyawa, ina ƙwanƙwasa fatar da yatsa har ta amsa. Dattijon ya gargaɗe ni kar in kusantar da ita wuta, fatar guza ba ta da kauri.

Wuri na farko da na biyu sun zauna, ina kaɗa su da kalangu a cikakken gudu. Na uku na rubuta shi duka, shafi huɗu, amma daƙiƙa 15 na ƙarshe har yanzu a kashi 75 nake iya bin su. A nan yake yin wani abu da yatsa na 3 da na 4, yana karkaɗa su da sauri a kan ja ɗaya, kuma ban sami kalmomin da ke ƙarƙashinsu a cikin waƙar ba. Yaya yana ganin taken wani ne daga cikin mahalarta bikin, wataƙila wanda ya shigo fili a lokacin ya yi liƙi, domin ana jin hayaniya ta tashi a daidai wurin. In haka ne, sai na nemi tsofaffin maroƙa su saurara, su ne ke riƙe da take irin waɗannan. Akwai biyu da aka kwatanta mini a cikin birni, zan kai musu wayar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Na kuma leƙa fuska ta biyu. Mai kiɗan ɗaya ne, amma ya ɗaure tsagiyarsa sama da ta fuskar farko, kuma akwai wuri guda mai tsawon kusan minti 2 da ba amshi ko kaɗan. Tsagiyata ba za ta kai wannan muryar ba a wannan danshin sai ta tsinke, don haka na aika wa dattijon saƙo ya haɗa mini wata mai ƙarancin sili, in karɓo a ƙarshen wata.